Ganga ba ta ta da mamaci, amma tana tara masu rai

Ranar 16 ga Maris, 2021, wani saurayi farar fata ɗan shekara 21 ya sayi bindiga, kafin dare ya raba ya bi gidajen tausa guda uku a birnin Atlanta da kewayensa ya kashe mutum 8. Shida daga cikin mamatan mata ne 'yan asalin Asiya, huɗu daga Koriya, biyu daga Sin. Ƙaramarsu tana da shekara 44, babbarsu 74, iyaye da kakanni masu neman na kansu. Washegari kakakin jami'an tsaron gundumar Cherokee ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce wai ranar ce ba ta zo wa yaron da daɗi ba. Ba a ma binne mamatan ba, an soma nema wa mai kisa uzuri.

A makonnin da suka biyo baya jama'a sun yi ta taruwa a filayen birane daban-daban na Amurka, da furanni da kyandirori da kwalaye, a wurare da yawa kuma har da ganguna da waƙoƙi. Nan ne wasu suka yi tambayar da ba za a ce ba ta da tushe ba: me kiɗa zai yi wa wanda aka harbe? Wace waƙa ce za ta hana a tunkuɗe tsoho a bakin titi gobe? Ashe ba hanyar lallashin mutane ba ce kawai, a yi musu wasa su yi kuka su koma gida, a bar komai yadda yake?

Ni ban yarda kiɗa magani ba ne, kuma duk wanda ya ce waƙa za ta share jinin da aka zubar bai san zafin rashi ba. Amma na yarda da wani abu da ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi tabbata. Ta'addanci irin wannan aikinsa na farko shi ne ya watsa mutane, kowa ya shige ɗaki ya kulle ƙofa, ya ɗauka shi kaɗai ake farauta. Kiɗa kuwa fito da su yake yi, ya tsayar da su kafaɗa da kafaɗa a sarari inda kowa zai gan su. Kuma babu wani haƙƙi da aka taɓa ƙwatowa a Amurka ba tare da an fara tara mutane wuri guda ba.

Na san a wurinmu ba a buga ganga a gidan rasuwa. Ta'aziyya muke yi, da addu'a, da zaman makoki, kuma ba ina kiran a sauya wannan ba ne. Mutanen da nake magana a kansu da al'adarsu suke aiki, kamar yadda muke aiki da tamu. Abin da nake so mu duba shi ne aikin da kiɗan ya yi musu, da inda ya tsaya.

Ƙiyayyar da ake yi wa 'yan Asiya a Amurka ta ƙaru a lokacin korona, amma ba da korona ta fara ba. Sinawa ne suka fasa duwatsu suka shimfiɗa ɓangaren yamma na layin dogon da ya haɗa gaɓar Amurka biyu a 1869, amma bayan shekara biyu kacal gungun mutane suka kashe Sinawa kusan 20 a Los Angeles cikin dare ɗaya. A 1875 aka yi dokar da ta toshe wa matan Sin hanyar shigowa bisa zargin wai karuwanci zai kawo su. A 1882 aka yi wadda ta haramta shigowar leburorin Sin baki ɗaya, ba a soke ta ba sai 1943. Wato tunanin cewa mai siririn ido baƙo ne har abada, ko da kakan kakansa a can aka haife shi, a rubuce yake a dokar ƙasa tun kafin a haifi kowane mai zagi na yau.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Vincent Chin. A watan Yuni na 1982 masana'antar motoci ta Detroit tana cikin mawuyacin hali, an sallami dubban ma'aikata, motocin Japan sun cika kasuwa. Har taruka ake yi a ajiye motar Japan mutane su yi ta dukanta da guduma don huce haushi. Chin ɗan shekara 27 ne, asalin Sin, ko alaƙa da Japan ba shi da ita, ya fita da abokansa walimar bankwana da gwauranci kwanaki kaɗan kafin aurensa. Rigima ta haɗa shi da wani ma'aikacin kamfanin mota, Ronald Ebens, da agolansa Michael Nitz. Wata da ke wurin ta shaida cewa ta ji Ebens yana cewa saboda irinku ne muka rasa aiki. Bayan an rabu, sai da suka bi gari suna nemansa, suka same shi, ɗaya ya riƙe shi, ɗaya ya yi ta dukan kansa da sandar wasan ƙwallo. Bayan kwana huɗu ya cika. Mutanen da aka gayyata biki su suka zo jana'iza.

Hukunci fa? Tarar dala 3,000 kowannensu da sa ido na shekara uku. Alƙali Charles Kaufman ya ce ba irin mutanen da ake kaiwa kurkuku ba ne. Gwamnatin tarayya ta sake gurfanar da su, aka yanke wa Ebens shekara 25 a 1984, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe, a 1987 aka sallame shi. Mahaifiyar mamacin, Lily Chin, wadda ta zaga ƙasar tana kuka da ɗan Turancinta a gaban tarurruka, ta tattara kayanta ta koma Sin. Amma wannan kisa ya koya wa Basine da Bajapane da ɗan Koriya da ɗan Filifin abin da ba su so su gane ba a da: mai sanda ba ya tambayar fasfo, kuɗin goro yake yi musu.

To ina ganga ta shigo? Sai mun koma 1942. Bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, Shugaba Roosevelt ya sa hannu kan umarni mai lamba 9066 ranar 19 ga Fabrairu, aka kwashe mutum kimanin 120,000 'yan asalin Japan daga gidajensu da gonakinsu da shagunansu, aka zuba su a sansanoni goma cikin hamada da fadama, da waya mai ƙaya da sojoji a kan hasumiya. Kashi biyu cikin uku nasu 'yan ƙasa ne haifaffun Amurka. Ba a tuhumi kowa da komai ba, jininsu ne laifin. Ko a cikin sansanonin matasa sun kafa ƙungiyoyin kiɗa suna yin rawa a zauren cin abinci, wannan kuwa ya rage musu zafin kwana. Amma abin da ya faru bayan an sake su ya fi ba ni mamaki. Shiru suka yi. Iyaye suka haɗiye takaici, suka ƙi gaya wa 'ya'yansu abin da aka yi musu, kamar su ne suka yi abin kunya. Tarbiyyar da suka ba yaran ita ce: yi karatu, sunkuyar da kai, kada ka ɗaga murya, kada ka yi abin da za a tuna kai Bajapane ne. Sauran Amurkawa kuma suka riƙa yaba musu da cewa su ne tsirarun kirki marasa surutu, yabon da ake yi don a gasa wa baƙaƙen fata magana.

'Ya'yan da aka yi wa wannan tarbiyya sun girma ne a shekarun 1960, suna kallon baƙaƙen fata suna maci da waƙa, ana sakar musu karnuka ba su fasa ba. Daga nan suka koyi cewa shiru ba ya sayen mutunci. A 1968 Seiichi Tanaka, wanda ya zo daga Japan, ya buɗe makarantar koyar da kiɗan taiko a San Francisco. A 1969 wasu matasa a wurin ibadar mabiya Buddha na Senshin da ke Los Angeles, tare da malaminsu Masao Kodani, suka kafa ƙungiyar Kinnara. A 1973 aka kafa ta San Jose. Taiko babbar ganga ce, wata ma sai mutum biyu ko fiye sun kama ake ɗaga ta, ana dukanta da sanduna biyu masu kauri, kuma a ƙungiya ake bugawa, mutum goma ko fiye su sauke hannu lokaci guda. Wanda ya tsaya kusa a ƙirjinsa yake jin ta kafin kunnensa.

Ta asali daga kututturen itace guda ake sassaƙa ta a Japan, kuɗinta kuwa ya fi ƙarfin ɗaliban da iyayensu suka fito daga sansani hannu rabbana. Sai suka koma ga abin da ke kusa da su. Kalifoniya ƙasar inabi ce, tsofaffin durorin katako na ajiyar giya sun yi yawa. Su sayi duro, su cire bakinsa biyu, su manne katakan da gam su goge, su jiƙa fatar sa, su shimfiɗa a baki, su ɗaure da igiya, su sa jak ɗin mota su yi ta ɗagawa a hankali har fatar ta ɗame, sannan su bi gefe da ƙusoshi masu faɗin kai. A gareji da bayan gida aka yi wannan aiki. Ina ganin wannan duro ya fi duk wani jawabi bayyana halin da suke ciki: ba gangar Japan ba ce sak, ba kuma ta Turawa ba ce, tasu ce, da hannunsu suka haɗa ta daga abin da ƙasar ta yar. Yau ƙungiyoyin taiko a Arewacin Amurka sun kai ɗaruruwa.

Kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna su wa aka kashe a Atlanta. Tun dokar 1875, sannan ta hanyar yaƙe-yaƙen da Amurka ta yi a Japan da Koriya da Biyetnam da kuma finafinan da suka biyo baya, an dasa wa Ba'amurke hoton macen Asiya a matsayin 'yar shiru mai sunkuyar da kai, abar sha'awa wadda ba ta cewa a'a. Mai kisan Atlanta cewa ya yi yana so ya kawar da abin da ke jarabtarsa ne, kamar waɗannan iyaye ba mutane ba ne. Yanzu a duba mace a gaban taiko. Ta ware ƙafafu ta dasa su a ƙasa, ta durƙusa kaɗan, ta ɗaga sanda sama da kanta, ta sauke da dukkan nauyin jikinta, ta buɗe baki ta yi ihu don ta ƙarfafa ta kusa da ita. Gumi na zuba, fuska a ɗage. Yarinyar da aka kawo kallo tana ganin jikin da ya yi kama da nata ya cika fili da ƙara, ba ya neman afuwar kowa. Ban san wata lacca da za ta iya koya mata wannan cikin minti biyar ba.

Matasan wancan zamani ne suka fara kai ziyara Manzanar, ɗaya daga cikin sansanonin, a ƙarshen 1969, suka share kaburbura, suka tilasta wa iyayensu buɗe baki. A hankali taron tunawa ya zama na kowace shekara a garuruwa da yawa, ganga kuma ta zama mai kiran jama'a zuwa gare shi. A 1981 kwamitin da majalisar dokoki ta kafa ya saurari shaidu fiye da 750. Tsofaffin da suka yi shekara kusan 40 ba su furta komai ba suka tsaya suka faɗi yadda aka kwana da su a ɗakunan dawakai, yadda gona ta salwanta, yadda uba ya mutu bai sake dariya ba. Kwamitin ya yanke cewa ba tsaron ƙasa ne ya jawo tsarewar ba, ƙiyayyar launi ce da ruɗanin yaƙi da gazawar shugabanni. A 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu kan dokar neman afuwa, aka biya kowane wanda ya rage da rai dala 20,000.

Ba ganga ce ta rubuta wannan doka ba. Lauyoyi ne, da 'yan majalisa, da masu tonon takardu a ma'ajiyar gwamnati, da tsofaffin da suka daure suka yi magana. Amma duk wanda ya taɓa halartar gayya ya san makaɗin noma ba ya riƙe garma, kuma idan babu shi samari ba sa kai ƙarshen kunya kafin la'asar. Aikin da taiko ya yi ke nan. Ya mayar da abin kunya abin taro, ya sa jika ya ja kakarsa zuwa wurin da za ta haɗu da wadda suka zauna layi ɗaya a sansani, daga hira aka kai ga shaida, daga shaida aka kai ga doka.

Sai dai kada a ɗauka kiɗa abu ne mai tsarki da kansa. Ranar 5 ga Agusta, 2012, wani tsohon soja mai suna Wade Michael Page ya shiga wurin ibadar mabiya addinin Sikh a Oak Creek, jihar Wisconsin, ya harbe mutum 6, na bakwai ya rasu daga baya sakamakon raunin da ya samu. Page makaɗi ne. Shekaru ya yi yana kaɗa jita yana rera waƙa a ƙungiyoyin masu da'awar fifikon farar fata, waɗanda da kiɗa suke farautar samari masu fushi. Su ma tara mutane suke yi, su ma suna sa wanda ya ji shi kaɗai ne ya ji yana da 'yan'uwa. Ƙarfin iri ɗaya ne, abin da aka zuba a ciki ne ya bambanta. Duk mai cewa waƙa yare ce ta zaman lafiya da ke haɗa duniya, ya je ya karanta tarihin wannan mutum.

Abin da mutanen Oak Creek suka yi ya cancanci a tsaya a kansa. Da jami'ai suka mayar musu da ginin bayan 'yan kwanaki, da hannunsu suka wanke jinin, suka sauya shimfiɗu, suka yi fenti. Amma suka bar ramin harsashi guda a jikin ƙofar zauren ibada, suka manna ƙaramin allo a ƙarƙashinsa mai cewa mu ɗaya ne, da ranar da abin ya faru. Sannan suka koma ibadarsu, wadda rera littafinsu mai tsarki da ɗan molon iska da ƙananan ganguna biyu shi ne ƙashin bayanta, suka ci gaba da dafa abinci ga duk wanda ya shigo kamar yadda addininsu ya tanada. Suna rera yabo, ramin harsashi yana bayansu. Ba su toshe shi don waƙar ta yi daɗi ba, ba su kuma daina waƙar don ramin yana nan ba. Bayan wata guda da 'yan kwanaki wani saurayi ɗan shekara 18 da aka kashe mahaifiyarsa a wurin ya tsaya gaban majalisar dattawa ya roƙi a ba ta ko da darajar a ƙirga ta, domin a lokacin hukumar FBI ba ta ware hare-haren da ake kai wa Sikh a lissafinta. Daga 2015 aka fara ƙirga su, tare da na Hindu da Larabawa. Kuma ɗan shugaban wurin ibadar da aka kashe, Pardeep Kaleka, ya nemi Arno Michaelis, tsohon mawaƙin irin waɗancan ƙungiyoyi da ya tuba, don ya fahimci abin da ke sa mutum ya yi haka. Suka zama abokai suna zaga makarantu tare.

Inda nake tsoron kiɗa shi ne inda ya zama ƙarshen magana. Bayan Atlanta manyan kamfanoni sun fitar da sanarwa, fitattun mawaƙan Koriya na ƙungiyar BTS sun yi magana a kan wariyar da su kansu suka sha, har sun je Fadar White House a watan Mayu na 2022. Ban raina wannan ba, yaro ɗan Asiya da ake yi wa dariya a makaranta ya ji daɗinsa. A watan Mayu na 2021 Shugaba Biden ya sa hannu kan dokar hanzarta binciken laifukan ƙiyayya, wadda majalisar dattawa ta amince da ita da ƙuri'a 94 da 1. Amma ƙungiyar Stop AAPI Hate ta tattara rahotannin cin zarafin 'yan Asiya kusan 3,800 a shekarar farko ta annoba, mata sun ninka maza a masu kai ƙara, kuma akasarin abin da aka kawo zagi ne, da tofin yawu, da ƙyama a shago, abubuwan da ba sa kai mutum kotu. Tsohuwar da ba ta jin Turanci, wadda ta daina zuwa kasuwa tun ranar da ta ga hoton yadda aka tunkuɗe Vicha Ratanapakdee, dattijo ɗan Thailand mai shekara 84, ya mutu a San Francisco, ba wasan dare ɗaya a babban zaure ne zai fito da ita ba. Abin da ya fito da ita shi ne matasan da suka riƙa rakiyar tsofaffi a unguwar Sinawa ta Oakland, da ajin rawa na mako-mako inda za a lura idan ba ta zo ba. Kiɗan da nake karewa shi ne wanda ake maimaitawa, wanda ke da ranar gwaji da mai share wuri da mai kawo shayi. Shi ya sa harbin da aka yi a gidan rawa na Monterey Park a jajibirin sabuwar shekarar Sinawa ta 2023 ya yi ciwo ƙwarai, duk da cewa wanda ya kashe mutum 11 ɗin shi ma ɗan Asiya ne: wurin da tsofaffin baƙi ke zuwa su manta kaɗaici aka taɓa. Da yawa daga waɗanda suka tsira sun koma rawa daga baya, kuma ban ga laifinsu ba.

Na san abin da wani mai karatu ke cewa a ransa tun ɗazu: mu fa, su sun tausaya mana? A watan Afrilu na 2020 an kori 'yan Afirka, 'yan Najeriya da yawa a cikinsu, daga gidajen haya da otal a birnin Guangzhou na ƙasar Sin bisa zargin yaɗa korona, wasu sun kwana a titi, wani gidan cin abinci ya liƙa takardar hana baƙar fata shiga. Sai da kakakin majalisar wakilai ta Najeriya ya kira jakadan Sin ya nuna masa hotuna. Wannan wariya ce tsagwaronta, kuma ba zan sassauta mata suna ba. Amma kakar da ke aikin tausa a Atlanta ba ita ta kori kowa a Guangzhou ba. Idan muka ce ta ɗanɗana, to mun ɗauki lissafin Ebens ke nan, wanda ya kashe Basine saboda motar Japan.

A Amurka ma tsakanin baƙaƙe da 'yan Asiya akwai tabo. Ranar 16 ga Maris, 1991, shekara 30 cif kafin Atlanta, wata mai shago 'yar Koriya ta harbe Latasha Harlins, baƙar yarinya 'yar shekara 15, a Los Angeles kan rigimar kwalbar lemo. Hukuncinta sa ido da tarar dala 500, ba ta yi zaman kurkuku ba. A shekarar aka fitar da wata waƙar hip-hop mai barazanar ƙone shagunan 'yan Koriya. Da tarzoma ta ɓarke a Afrilun 1992 bayan an wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka, shagunan 'yan Koriya fiye da 2,000 aka ƙone ko aka wawashe, 'yan sanda kuwa suka ja daga a unguwannin masu hali suka bar talakawa biyu suna cin junansu. A ajiye hukuncin Chin kusa da na Harlins a duba: kotu ɗaya ce a ɗabi'a, ta yi wa ran Basine arha a Detroit, ta yi wa ran baƙar yarinya arha a Los Angeles.

Akwai kuma bashin da Musulmi ba su cika sanin ana bin su ba. Kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumba, 2001, aka harbe Balbir Singh Sodhi a gaban gidan mansa a Mesa, jihar Arizona. Sikh ne, rawaninsa da gemunsa suka sa aka ɗauke shi Musulmi. Harsashin da aka yi nufin mai kama da mu ne ya same shi. A lokacin ministan sufurin Amurka Norman Mineta ne, ɗan asalin Japan wanda aka tsare a sansanin Heart Mountain yana yaro, shi ne kuma ya hana kamfanonin jiragen sama ware Larabawa da Musulmi don bincike saboda kamanninsu. Japanawan Los Angeles suka fito suka tsaya da Musulmi, har suka riƙa shirya buɗa-baki tare da su a watan azumi. Da Shugaba Trump ya kawo dokar hana 'yan wasu ƙasashe shiga Amurka a 2017, wadda ta taɓa Sudan da Cadi, a 2020 kuma ta haɗa da Najeriya, tsofaffin sansani suna cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. A 2019 wasunsu, da sandunan dogarawa, suka je bakin shingen wurin tsare mata da yara 'yan ci-rani a Dilley, jihar Texas, suka rataye dubban tsuntsayen takarda a waya, aka buga taiko. Gangar da aka haɗa don su sami bakin faɗin nasu ciwon, ga ta ana buga ta saboda 'ya'yan wasu. Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Su nasu ya riga ya ƙone, suka ɗauki ruwa suka nufi na maƙwabci.

Mu ma muna da Detroit ɗinmu. Masaƙun Kaduna da na Kano sun mutu, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, marina da 'yan kasuwa sun daɗe suna kukan cewa baƙi sun shigo har cikin cinikin sari da na ɗai-ɗai. Kukan gaskiya ne, kuma akwai inda ya kamata a kai shi: ga gwamnatin da ta kasa ba masana'anta wuta, ga masu gadin iyaka da suka bar fasa-ƙwauri, ga masu ba da izinin kasuwanci. Idan wani Basine ya cuci ma'aikacinsa ko ya aikata laifi, a kai shi kotu da sunansa shi kaɗai. Abin da nake roƙon mawaƙanmu da masu barkwanci a TikTok shi ne su daina ja idanu da yatsa suna kwaikwayon magana don a yi dariya, su kuma yi hattara da baitin da ke cewa duk halinsu ɗaya. Yaran da ke bin baƙo a layi suna yi masa ihu daga wayar babba suka ji, kuma baiti ya fi wa'azi saurin zama a bakin yaro.